Da Me Za Ki Zana Layi a Kan Yadi Kafin Ɗinkin Bargo?

Haɗa yadi biyu a sa auduga a tsakani a bi da ɗinki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, haka ake ɗinka lifidin dawakan hawan Sallah. Kyan bargo ko rigar filo irin wannan yana ga layukan ɗinkin, su kuwa sai an zana su tukuna. Masu zanen babbar riga a Zariya suna shata aska takwas da alƙalami da tawada hankali kwance, domin zare zai rufe zanen ruf. Ɗinkin bargo kuwa sili ɗaya ne, duk abin da kika zana yana nan a fili. Don haka, uwargida, zaɓi abin zane da zai goge bayan an gama aiki.

1. Fara gwadawa a ƙyalle. Yanki guntun yadin da za ki ɗinka, ki zana, ki wanke, ki shanya, ki yi masa guga. Shadda da atamfa ba sa riƙe zane iri ɗaya.

2. In yadin mai duhu ne, farin allin tela ya isa. Ki kiyayi ja da rawaya, sukan bar tabo a yadi mai haske. Alli ba ya jure shafar hannu, saboda haka ki zana kamu biyu, ki ɗinke, sannan ki ƙara gaba.

3. Kada ki yar da guntun sabulun da ya siɗe. In ya bushe, bakinsa na fitar da siririn farin layi a kan baƙi ko shuɗi, wankin farko kuma ya tafi da shi. Fari za ki nema, marar maiƙo.

4. A farin yadi, ni dai na fi amincewa da shuɗin alƙalamin nan da ruwa ke gogewa. Amma yana da sharaɗi. Zafi na kama tawadarsa ta zauna daram, don haka kada dutsen guga ya taɓa shi, kada kuma ki bar aikin a rana. In kin gama, tsoma bargon gaba ɗaya cikin ruwan sanyi zalla, ki ɗauraye sosai kafin omo ya shiga. Yayyafi kaɗan ba ya wadatarwa: tawadar takan nutse cikin audugar, bargo na bushewa ki ga shuɗin ya sake lekowa.

5. Akwai kuma alƙalami mai launin shunayya wanda iska ke ɗaukewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Da damina, laima na sa ya ɓace tun kafin ki zare allura. Na ƙaramin aiki ne, na yini guda.

6. Biron FriXion na kamfanin Pilot na ƙasar Japan ya shiga hannun masu ɗinki, domin guga na ɓatar da rubutunsa nan take. Ki sani ɓuya tawadar ke yi in zafi ya kai kimanin digiri 60, tana nan a jikin yadin, kuma takan bar farin sawu a yadi mai duhu. Aikin da aka manta cikin mota a rufe da zafin watan Afrilu zai iya rasa zanensa kaf. Don takarda aka yi shi.

7. In miƙaƙƙun layuka kike so, ba ki bukatar tawada ko kaɗan. Ɗora rula, ki ja bayan wuƙar da ba ta da kaifi a kan yadin, za ta bar karin da ido zai bi. Zanen gidan sarƙa ko fure kuwa, yanka siffar a kwali ki riƙa zagayawa.

8. Fensir sai dai a ja shi sama-sama, don in zare ya danne baƙinsa da wuya ya fita. Biron rubutu na yau da kullum kuwa, kada ki bari ya kusanci yadinki.