DARASI DAGA HASUMIYAR GOBARAU

Wanda ya taso daga Runka ko Batsari ya shiga birnin Katsina, in ya nufi tsohon gari zai ga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin ƙafa 50. Tarihin baka ya danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, Sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci, a ƙarni na 15. A wurin ne aka yi babban masallacin gari da makarantar da ta jawo malamai daga nesa. Daga samanta ake kiran salla, daga nan kuma ake hango mahara. Yanzu tana cikin gine-ginen tarihi da dokar Nijeriya ta kare.

Me ya sa ginin laka ya kai yau? Duk maginin Hausa ya san amsa: yaɓe. Ruwan damina yana cin bango, in rani ya yi sai a kwaɓa ƙasa a mayar da abin da ya zube. Ranar da aka daina, gini ya kama hanyar zama kufai.

Haka ta faru a Ingila. Kusa da ƙauyen Walsingham akwai ƙaramin ɗakin ibada da aka gina wajen 1340, inda masu ziyarar Uwargida Maryamu ke tuɓe takalma su ƙarasa mil na ƙarshe da ƙafa. Bayan Sarki Henry na 8 ya rushe wurin ziyarar a 1538, ɗakin ya koma maƙera, har ya zama garken shanu. A 1896 wata mata, Charlotte Boyd, ta saye shi aka gyara, kuma a 1934 aka sake yin Misa a ciki.

Wannan ya shafe mu. Hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun kori mutane da yawa daga ƙauyukan Safana da Batsari, an bar gidaje da wuraren ibada ba mai yaɓe. Idan Allah ya mayar da mu gida, mu gyara ɗakin addu'armu, mu kuma kai wa maƙwabcinmu Musulmi ƙasa da ruwa in yana gyara nasa. Dattawa su faɗa wa yara wanda ya gina, da shekarar da aka gina, a rubuta a ajiye wurin katikis.

A karanta 1 Bitrus 2:4-5 a taron wannan mako. Ubangiji ya ba mu zaman lafiya. Amin.