Wa Ya Shata Filin Shinnecock Hills? Darasi Kan Bin Diddigin Mai Aiki

A darasin dabarun bincike ana yawan ja mana kunne da cewa sunan da aka liƙa wa aiki ba lallai ne ya zama na wanda ya yi shi ba. Na ga ya dace in kawo wa ’yan’uwana ɗalibai misali daga wani fage da ba namu ba, wato wasan golf, domin hanyar binciken iri ɗaya ce da tamu.

Shinnecock Hills fili ne da ke tsibirin Long Island a Jihar Niyok ta Amurka. An kafa kulob ɗinsa a 1891, kuma an yi gasar US Open a can a 1896, 1986, 1995, 2004 da 2018. Shekaru da dama marubuta suna cewa Willie Dunn, mutumin Sikotlan, shi ne ya fara shata filin. Labarin yana da daɗin ji. Wasu attajiran Amurka, ciki har da William K. Vanderbilt, sun ga Dunn yana buga wasan a garin Biarritz na Faransa, abin ya burge su, suka koma gida da niyyar yin nasu filin. Shi ma Dunn daga baya ya ba da labari cewa aikinsa ne, marubuta kuma suka yi ta kwafa daga juna.

To, ina gizo ke saƙar? A wajen shekaru. An buɗe filin a 1891, alhali Dunn bai iso Amurka ba sai 1893. Da manazarta suka koma ga jaridun wancan lokaci, sai suka tarar da wani suna daban: Willie Davis, ƙwararren ɗan wasa da ke aiki a kulob ɗin Royal Montreal na Kanada. Shi aka gayyato ya shata ramuka 12 na farko. Dunn ya zo ne daga baya, ya faɗaɗa filin har ya kai ramuka 18 a 1895. Ashe Dunn ya yi aiki, sai dai ba shi ya fara ba.

Nan ne abin ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe. Dukansu biyu Willie ne, sunan mahaifinsu duka da harafin D ya fara, kuma sana’arsu ɗaya. Idan mai ba da labari ya ce “Willie ne ya yi”, mai sauraro zai kai hankalinsa ga Willie ɗin da ya fi shahara. Haka muke gani a rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, inda akan danganta waƙa ga babban malami ko da almajirinsa ne ya yi ta ko ya fassara ta. Shi ya sa malamanmu ke cewa a duba ramzi, a kuma nemi kwafin da ya fi tsufa. Shaidar da aka rubuta a shekarar da abu ya faru ta fi tunanin dattijo bayan shekara da shekaru ƙarfi, ko da kuwa dattijon yana wurin.

Filin da ake wasa a kai yanzu ma ba na Davis ba ne, ba kuma na Dunn ba. William Flynn ne ya sake tsara shi, aka buɗe a 1931. Shi ma an daɗe ana ba Dick Wilson, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, rabon yabon da ya wuce nasa.

Akwai kuma waɗanda bincike bai maido musu da suna ɗaya bayan ɗaya ba. Mutanen ƙabilar Shinnecock, ’yan asalin wurin da filin ya ci sunansu, su ne suka sare daji suka haƙa ƙasa a 1891. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Oscar Bunn, shi ma don ya shiga gasar 1896 ne tare da John Shippen, bayan da wasu ’yan wasa suka yi barazanar janyewa idan aka bar su biyun suka buga, shugaban hukumar wasan, Theodore Havemeyer, ya ƙi sauraron su.