Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gara Tana da Wani Amfani?

Wani mai karatu daga Gumel ya rubuto yana cewa: "Gara ta cinye mini ƙyauren ɗaki, ta shiga rumbu, ta ɓata mini littattafai. Nakan ji ana cewa babu abin da Allah Ya halitta a banza. To, ita gara mene ne amfaninta? Kuma akwai wani ƙaton suri a gefen gonata, in rushe shi ko in bar shi?"

Malam, sannu da wannan asara, Allah Ya mayar da alheri. Na ji daɗin tambayarka, domin duk wanda ya taɓa ɗaga tabarma ya ga ta zama gari yana da hujjar yin ta.

Da farko, gara ba iri ɗaya ba ce. Masana sun ƙirga kusan iri 3,000 a duniya, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga gida ko taɓa amfanin gona. Mutane da yawa suna ɗaukar ta 'yar'uwar tururuwa, tunda dukansu ƙanana ne masu zaman taro. Amma binciken da aka buga a Ingila a 2007 ya tabbatar da cewa dangin kyankyaso ce.

Abincinta shi ne duk wani tsiro da ya mutu ya bushe: itace, kara, ciyawa, ganye, kashin shanu, har da takarda, tunda daga itace ake yin ta. A wurinta ƙyaurenka da bishiyar da ta faɗi a daji duk ɗaya ne. A ƙasashen da ruwa ya wadata, tana na taka babbar rawa wajen mayar da matattun tsirrai ƙasa. A irin ƙasarmu kuwa, da rani ya kama sai tana ta nutse ta yi shiru har ruwa ya dawo. Gara ce ke riƙe da aikin rani da damina.

Bari mu leƙa cikin surin nan na gonarka. Idan babba ne mai tsayi, mai yiwuwa na zago ne. Can ƙasa akwai wani ɗaki mai tauri inda sarauniya take kwance da namijinta. Cikinta yakan kumbura har ya kai tsawon yatsa ko ya fi, tana zuba ƙwai dubbai kullum, kuma tana iya wuce shekara 10 a raye. Masu manyan kawunan nan da ke cizo sojoji ne, sauran kuwa ma'aikata. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko, yara suna tara su a kwano don suya, su ne sarakuna da sarauniyoyin gobe: kowane biyu za su haɗu, su zubar da fukafukai, su nemi wurin kafa sabon gida. Mafi yawansu tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi ke cinyewa kafin su kai ga haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zago manomi ne. Ba ya iya narkar da busasshen kara shi kaɗai, saboda haka ma'aikata sukan tauna shi, su tara shi a ɗakunan cikin suri, sai wani tsiro dangin naman kaza ya fito a kai ya ruɓar da shi. Wannan ruɓaɓɓen suke ci. Shi kuma tsiron ba ya rayuwa sai da laima da iska mai kyau, don haka dole su huda hanyoyin iska a jikin surin, su kuma haƙa ƙasa har inda danshi yake, su riƙa ɗebo jiƙaƙƙen yumɓu suna hawowa da shi.

Nan ne amfaninka ya shigo. Kowace hanya da gara ta huda a ƙasa, hanyar ruwa ce. Ruwan da zai gudu a kan fako ya tafi da ƙasar sama, sai ya samu inda zai nutse. Yumɓun da take hawowa da shi kuma yana riƙe ruwa da taki fiye da rairayi. Ka lura da dawar da ke kewaye da tsohon suri, sau da yawa takan fi ta tsakiyar gona kore. Haka nan a ƙasashen Afirka ta Yamma an saba ganin tsamiya tsaye a kan suri. A wasu sassan Zambiya manoma har ɗebar ƙasar suri suke yi su baza a gona. Wani bincike na masanan Jami'ar Princeton ta Amurka a 2015 ya nuna cewa dajin da ke da suri ya fi jure fari, domin tsirran da ke kewaye da suri sukan tsira, daga nan kuma su sake bazuwa idan ruwa ya dawo.

Akwai manoman da suka mai da gara 'yar ƙodago da gangan. A yankin Yatenga na Burkina Faso, bayan farin shekarun 1970, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da tsohuwar dabarar da suke kira zai. Tun da rani ake haƙa ƙananan ramuka a kan fako, faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, a zuba taki ko ruɓaɓɓen kara a ciki. Takin ya jawo gara, ita kuma ta huda ƙasan ramin ta ko'ina. Da ruwa ya sauka sai ya taru a ramin ya bi hudojin, a shuka gero ko dawa a ciki. Da haka ya mai da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kafin rasuwarsa a 2023. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tahoua suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka kawo dabarar Nijar, inda ake kiran ta tassa. A can Burkina ɗin, wani masanin ƙasa, Abdoulaye Mando, ya gwada abin a shekarun 1990: ya shimfiɗa ciyawa a kan fako, wani gefen ya zuba maganin da zai hana gara zuwa, wani gefen ya bar ta. Inda aka bar ta ne ƙasa ta buɗe, tsirrai suka dawo sosai.

Ba ina cewa gara ba ta ɓarna a gona ba ne. Tana yi, musamman ga gyaɗa, masara da rake. Sai dai mai shiga saiwar gyaɗa yawanci wata ƙarama ce da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, ba ta gina suri. Kana iya rushe surinka ƙarƙaf, gyaɗarka ta ci gaba da bushewa. Ɓarnar kuma ta fi tsanani a kan shukar da fari ya riga ya raunana, da gonar da aka kwashe karanta tas aka ƙone sauran.

Shawarata, in surin yana nesa da gini, ka bar shi. Ka dai gargaɗi yara kada su sa hannu a ramukansa, domin macizai kan fake a wanda aka ƙaura daga cikinsa. Kada ka tsiyaya masa guba, musamman kusa da rijiya. Bayan girbi ka bar wani kaso na kara a gonar, kuma in kana da fako ka gwada tassa a ɗan yanki bana.

A gida kuwa, gara daga ƙasa take hawowa, saboda haka ka raba itace da ƙasa. Rumbu ya zauna a kan duwatsu, littattafai su hau kantar ƙarfe nesa da bango, itacen girki kada ya jingina da ɗaki. Duk lokacin da ka ga ta ja layin laka a bango, ka kankare shi nan take, ka bi shi ka ga ta inda ya fito. In za ka sake rufi, azarar giginya ta fi yawancin katako jure mata. Idan kuma ta riga ta yi gida a ƙarƙashin ɗakin, to, wannan sai an kira masu feshi da suka san aikin.