Darasin Wannan Wata: Na'urar Dafa Ruwa Mai Gas da Hanyar Fitar Hayaƙinta

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu yakan yi tsanani a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama. Manomin albasa da zai fita ban ruwa da asuba yana son ruwan ɗumi. Mai jego kuma tana bukatar ruwan zafi safe da yamma har kwana 40. Itace ya yi tsada, daji kuma yana ƙarewa. A 2021 gwamnatin tarayya ta ware shekara 10 don yaɗa amfani da gas. Yau akwai gidajen da ake girki da gas, wasu ma suna sayen na'urar dafa ruwa mai aiki da shi. Na'urar tana da amfani, amma idan aka kafa ta ba daidai ba tana iya kisa.

Gubar da ba a gani

Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fitar da wata guba. Masana suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau, sama da sau 200. Wanda ya shaƙe ta zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mutane sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Wannan guba ce take fita daga garwashin gawayi da janareta idan aka bar su a rufaffen ɗaki.

Inda za a kafa na'ura

Kada a kafa ta a ɗakin kwana. Kada a kafa ta a cikin banɗaki. A nemi bango a wuri mai iska, kamar baranda ko madafi mai taga. Tukunyar gas ta zauna a tsaye, a inuwa, nesa da murhu. Gas ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka a bar ƙofar iska a ƙasan bango.

Bututun hayaƙi

1. Bututun ya zama na ƙarfe. Robar famfo takan narke da zafin hayaƙi.
2. Faɗinsa ya zama daidai da bakin na'ura. Kada a rage shi.
3. Ya riƙa hawa sama, domin hayaƙi mai zafi sama yake bi. Ko inda ya kwanta, ya ɗan ɗaga.
4. A rage kwana-kwana. Gajeren bututu miƙaƙƙe ya fi jan hayaƙi.
5. Bakinsa ya fita waje sarai, nesa da taga da ƙofa. Kada ya tsaya a cikin silin.
6. Kada ya taɓa azara, katako ko jinka.
7. A sa masa hula don kare ruwan sama da sheƙar tsuntsu.

Akwai sababbin na'urori masu fanka a ciki, waɗanda hayaƙinsu ba shi da zafi sosai. Su ne ake yi wa bututun roba na musamman. Takardar da ta zo da na'ura ita ce za ta faɗi irin bututun da ya dace. Wanda ya iya karatu ya karanta ta kafin a fara aiki.

Bututun ruwa

Bututun roba ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake kira PVC na ruwan sanyi ne. Idan zafin ruwa ya wuce digiri 60 sai ya yi laushi, mahaɗarsa ta saki. A tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100. Na ruwan zafi shi ne PPR, wanda galibi kore ne, ko kuma CPVC. Ba a haɗa PPR da gam. Akwai ƙaramin inji da ke gasa bakinsa, sannan a haɗa. Sunan kowane bututu yana rubuce a jikinsa. Mai saye a kasuwar Jega ya duba da idonsa kafin ya biya.

Daga bakin na'ura a fara da guntun bututun ƙarfe, kamar kamu ɗaya, sannan a ɗora na roba. Kada roba ta kusanci bututun hayaƙi. Rana tana busar da PVC har ya tsage, saboda haka a binne shi ko a rufe shi. Kada a taɓa jawo gas da bututun ruwa. Gas yana da tiyonsa na musamman.

Gwaji bayan aiki

Aikin gas na ƙwararre ne, ba na ɗan koyo ba. Idan ya gama, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar gas. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. A dubi harshen wuta. Shuɗi shi ne lafiya. Ruwan ɗorawa da baƙin toka a bango alama ce ta matsala. A kashe, a kira mai gyara.

Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya, a rufe gas, a buɗe ƙofa da taga. A fitar da kowa waje, a garzaya asibiti mafi kusa. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa hayaƙi ake zargi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don aji

1. Waɗanne alamu ne ke nuna mutum ya shaƙi gubar hayaƙi?
2. Don me ba a kafa na'urar a banɗaki?
3. Wane bututu ne ya dace da ruwan zafi?
4. Yaya ake gane yoyon gas?
5. A rubuta jimla 3 a kan haɗarin shiga da garwashi ɗakin kwana.