Darasi na 14: Walƙiyar Rediyo Daga Sararin Samaniya

Ɗalibai, muryar da kuke ji idan kun kunna rediyo ba ta waya take zuwa ba. Wasu igiyoyi ne da ido ba ya gani suke ɗauko ta daga tasha. To, ba tashoshinmu kaɗai suke fitar da irin waɗannan igiyoyi ba. Rana tana fitar da su, haka ma wasu taurari. Shi ya sa masana ilmin taurari suka gina manyan faya-fayan ƙarfe, masu kama da wanda ake kafawa a kan rufin gida don kallon talabijin, domin su saurari sama.

Akwai irin wannan faifai a Parkes, cikin ƙasar Ostareliya, mai faɗin mita 64. A shekarar 2007 wani malamin jami'a a Amurka, Duncan Lorimer, ya sa ɗalibinsa David Narkevic ya binciki tsofaffin bayanan da faifan ya naɗa. A cikin bayanan watan Yuli na 2001, ɗalibin ya ga alamar wasu igiyoyi masu ƙarfi da suka zo suka wuce kamar walƙiya. Ba su kai kashi 5 cikin 1,000 na sakan ɗaya ba. Ƙiftawar idonku ta fi su daɗewa nesa ba kusa ba. Shekara shida alamar tana ajiye babu wanda ya kula, kuma ku lura, ɗalibi ne ya fara ganinta. Wannan abu shi za mu kira walƙiyar rediyo.

Da farko masana da yawa sun yi shakka, kuma suna da hujja. Faifan na Parkes yana kama wasu alamomi masu kama da ita, yawanci da tsakar rana. Sai a 2015 asiri ya tonu: na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikatan wurin. Idan mai jin yunwa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya, sai igiyoyi su tsere, faifan ya kama su. Amma kafin nan wani faifai dabam, na Arecibo a tsibirin Puerto Rico, ya riga ya kama walƙiya ta gaskiya a 2012. Daga baya aka ga tana maimaituwa, aka bi sawunta har zuwa wani ƙaramin gungun taurari. Haskensa yakan yi tafiyar shekara wajen biliyan 3 kafin ya iso gare mu, alhali hasken rana minti 8 kawai yake yi a hanya.

Me yake haifar da ita? Ranar 28 ga Afrilu, 2020, wata na'ura a Kanada mai suna CHIME ta kama walƙiya daga cikin gungun taurarin da ranarmu take ciki. Daga magneta ta fito. Magneta saura ne na babban tauraron da ya fashe. Faɗinsa wajen kilomita 20 ne kacal, amma ya fi rana nauyi, kuma yana da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Sai dai har yanzu masana ba su yi ittifaƙi cewa kowace walƙiya daga magneta take ba, domin wasu suna maimaituwa, wasu kuwa sau ɗaya aka taɓa jin su.

Yanzu ku natsu, domin amfanin abin ya fi asalinsa ban sha'awa. Walƙiya ɗaya tana ƙunshe da igiyoyi iri-iri, wasu masu yawan kaɗawa, wasu masu ƙarancin kaɗawa, kuma tare suke tasowa. Da hanyar babu kome, da tare za su iso. Amma akwai wata siririyar iska tsakanin gungu da gungu, mai ɗauke da ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin nan sun fi riƙe igiyoyi masu ƙarancin kaɗawa, sai su iso a makare. Ku tuna matafiyi a lokacin hunturu. Idan kun dubi ƙurar da ke jikin rigarsa, za ku gane yawan ƙurar da ya ratso. Haka nan, jinkirin igiyoyin yana nuna yawan abin da walƙiyar ta keto a hanya.

Wannan ya warware wata tsohuwar matsala. Lissafi ya nuna cewa irin abin da aka yi taurari da duwatsu da jikinmu da shi kashi 5 ne kacal cikin 100 na abin da ke sararin samaniya. Ko a wannan ɗan kason ma, da aka ƙidaya abin da ake iya gani, kusan rabi ya ɓace. A 2020 Jean-Pierre Macquart da abokan aikinsa a Ostareliya suka gano gungun da wasu walƙiyoyi suka fito, suka gwada nisansu da jinkirin igiyoyin. Lissafin ya cika. Ashe abin da ake nema yana nan a watse tsakanin gungunan taurari, ya yi siranta ƙwarai har na'urorin hangen nesa suka kasa ganinsa.

Ma'anar kalmomi

Naɗa: ɗaukar sauti ko bayani a ajiye shi.
Gungu: abubuwa masu yawa da suka taru wuri ɗaya.
Ittifaƙi: haɗuwar baki a kan ra'ayi ɗaya.
Asiri ya tonu: abin da yake ɓoye ya bayyana.

Tambayoyi

1. Shekara nawa alamar farko ta yi a ajiye kafin a gan ta?
2. Me ya sa masana suka yi shakka da farko?
3. Ku bayyana misalin matafiyi da ƙura da kalmominku.
4. Ku gina jimla biyu da "nesa ba kusa ba".