Idan Injin Mota Ya Yi Zafi

Zafin inji yakan tsayar da mota a hanyar kasuwa. Yawanci abu uku ne ke jawo shi: ruwan lagireto ya ƙare, ko fanbel ya tsinke, ko tiyo yana yoyo.

Da zarar allurar zafi ta kai ja, sai direba ya tsaya, ya kashe inji. Kada ya buɗe murfin lagireto nan take. Zafin ruwan yakan wuce digiri 100, yana iya fesowa ya ƙona fuska. Ya jira kamar minti 30. Sannan ya buɗe da tsumma a hankali, ya ƙara ruwa mai tsabta, ya duba fanbel da tiyo.

Idan baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga inji. Wannan sai bakanike.