Gwaji Kyauta, Amma Ana Makara: Darasi Daga 'Yan Biyetnam Mazauna Ostireliya

'Yan uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu duba a wannan fitowar ita ce: me ke sa mutum ya ga alamar ciwon daji a jikinsa ya yi shiru, alhali ga asibiti kusa?

Bayan faɗuwar birnin Saigon a 1975, dubban 'yan Biyetnam sun yi hijira zuwa Ostireliya, suka taru a unguwanni irin su Cabramatta a Sidni. A ƙasar, gwamnati na aika wa masu shekara 50 zuwa 74 kayan gwajin dajin hanji har gida kyauta, mata masu waɗannan shekarun kuma ana yi musu hoton mama duk shekara biyu. Har tafinta ake samu ta waya. Duk da haka, baƙin da Turancinsu bai nuna ba sun fi 'yan ƙasa ƙaurace wa gwajin.

Dalili na farko shi ne harshe. Sau da yawa ɗa ko 'ya ke yi wa iyaye tafinta a gaban likita. To, wace uwa ce za ta iya bayyana zubar jini ta gaba a gaban ɗanta? Na biyu tsoro: wasu na ɗaukar sunan cutar tamkar sammacin mutuwa. Na uku, a ganina shi ya fi haɗari, wato tunanin in babu zafi babu ciwo. Sai a fara da jiƙe-jiƙen gargajiya ana jira ya wuce.

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinsu, kuma galibi a wajen haihuwa jariri ke ɗauka daga uwa. Yakan yi shekaru aru-aru bai nuna komai ba, sai ya rikiɗe ya zama dajin hanta. Kafin ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, abin ya riga ya yi nisa.

Alamomin da ba a jira da su: ƙullutu a mama, jini a bayan gida, jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada, tarin da ya wuce mako uku, da rama ba dalili.

Kada mu ce ai can ne. Hanta B ɗin nan ta yi yawa a ƙasarmu ma, ga gwajin jini ga allurar rigakafi. Mu je a gwada mu, in an yi hutu kuma mu raka iyayenmu.